Hutun da Aka Haifi Hajara

Hajara, wannan babin naki ne, ko da yake ƙannenki ma su karanta, don su ma sun sha jin maganar a bakin gwaggwanninku na Yendi. Tun kina ƙarama ake gaya miki cewa kakarki, Mma, ta ƙi karɓarki. An ce an kai ki yaye ta mayar da ke, alhali duk 'yar fari a zuriyarmu a ɗakin kaka take tashi. Na san kin girma da abin a ranki, don ina lura da yadda kike yin shiru duk lokacin da ake labarin kirkin Mma. Na bar maganar ta yi ta yawo shekara da shekaru, saboda gyara ta sai na faɗi abin da bakina bai saba faɗa ba. Yanzu na tsufa, kunyar ta ragu, alƙalami kuma ba ya kallon idon mutum. Labarin bai fara daga Yendi ba, a jami'a ya fara, cikin wani dogon hutu na damina.

Sai na fara gaya muku yadda na tashi, in ba haka ba za ku ɗauka duk mahaukata ne mu. Ni ma 'yar fari ce. A gidajen tsofaffin Hausawan zangon Yendi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarsa ma sai ta yi kamar ba da ita ake ba. Idan aka yaye shi, kaka ta ɗauke. Haka aka yi da ni. Iya, mahaifiyar Mma, ita ta raine ni a gidanta, kuma har na yi wayo ina ɗaukar Mma wata yaya ce mai tsare gida da ke aiko mana da tuwo. "Ke" take ce mini, in kuma da wani take magana, "waccan". Ban taɓa jin haushi ba, don haka na ga ana yi wa kowa.

Babanku, Malam Sule, mutumin Salaga ne, kuma lokacin da aka ɗaura mana aure bai daɗe da samun aikin koyarwa a wata jami'a can Kudu ba. Ƙaramin malami ne a lokacin, aka ba shi ɗaki biyu da madafa a kwatas ɗin ma'aikata. Bangonmu ɗaya da wata Bafantiya, 'yar wata ƙabila ta can Kudun, Anti Esi, matar wani malamin lissafi. Kirista ce, mai ƙiba, mai murya, da 'ya'ya maza uku da ba su san a yi tafiya ba sai gudu. Ta koyi Hausa a kasuwa tun tana yarinya, irin Hausar da ba ta raba mace da namiji, kuma ba ta taɓa barin ƙarancinta ya hana ta faɗin abin da ke ranta ba.

Da aka rufe makaranta a waccan shekarar cikina ya tsufa, lokacin tafiya goyon ciki ya yi, don haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Shirin shi ne mu hau mota zuwa Yeji, mu ƙetare tafki a jirgin fito, mu kwana Salaga in gaida surukai, sannan mu wuce Yendi ta Bimbila. Muka isa Yeji muka tarar injin jirgin ya mutu, motocin doya sun yi layi a kwata, babu wanda ya san ranar gyara. Masu kwalekwale suka ce za su ƙetare da mu. Babanku ya dubi ruwan, ya dubi cikina, ya ce ko kyauta ne ba ya so. Zagayawa ta Tamale kuwa, nas ta riga ta gargaɗe mu da ramukan hanyar. Haka muka juyo da kayanmu, da turmin atamfar da na saya wa Mma, ina kuka a mota babanku yana ba ni lemo kamar shi ne maganin abin. Muka aika da saƙo ta bakin wani direba. Amsar Mma ta dawo gajera, irin maganarta: Allah ya raba lafiya, abin da ke nata ba zai wuce ta ba.

Wanda bai zauna a jami'a lokacin dogon hutu ba bai san ta ba. Wurin da jama'a ke kai da komo sai ya koma kamar kasuwa washegarin cinta. Ciyawa ta taso a filin ƙwallo har gwiwa, kwaɗi suka gaje magudanan ruwa, aka garƙame ɗakin cin abincin ɗalibai. Waɗanda suka rage sai masu gadi, da masu yankan ciyawa, da malaman da ba su da inda za su, da kuma wasu ɗalibai da aka tattara a masauki guda. Yawancinsu 'yan Arewa ne, don su gida ya yi wa nisa. Wasu na ƙarasa bincike, wasu sun samu aikin hutu a laburare ko a gonar makaranta. Ban san wanda ya fara ba su labari cewa akwai wata 'yar Yendi a kwatas mai tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo da daddawar gaske ba. Sai dai na ga sun fara zuwa gaida Malam, kuma gaisuwar ba ta taɓa faɗowa wani lokaci ba sai daidai kwashe tuwo. Ɗalibi hancinsa ya fi karatunsa kaifi.

Ba su zo hannu rabbana ba, in ba su haƙƙinsu. Wannan ya kawo garin masara, wancan kifi busasshe, wani kuma ya zo da gatari ya faskare itace. A cikinsu akwai mace ɗaya, Lariba, doguwa, 'yar Bawku, tana karatun haɗa magunguna, ita ma Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ita ce ta fara ƙwace muciya daga hannuna.

"Amariya, kai zauna," in ji ta. "Ciki ya kai nan, kana tuƙa tuwo? In ka haihu cikin miya, wa zai ci?"

Daga ranar ta zama ƙanwata. Da yamma, in ruwa ya ɗauke, sai a baje tabarmi a barandarmu, a gasa sabuwar masara, a shiga gardamar garuruwa. 'Yan Bawku su ce ba don albasarsu da zabinsu ba da miyar ƙasar nan ruwa ce. Babanku ya gyara zama ya ce Salaga na da malamai da rijiyoyi tun sauran garuruwa na neman inda za su kafa bukka. Ni kuwa in ce duk su yi surutunsu, in dai sarauta ake nema sai an zo Yendi an durƙusa. Yaran Anti Esi na zaune a tsakiya suna cin masara, ba su jin rabin abin da ake faɗa, amma su suke fin kowa dariya. Ranar Asabar kuma akan haska majigi a kulob ɗin ma'aikata, mu tafi gaba ɗaya, ana tafiya a hankali saboda ni, kamar ana rakiyar amarya.

Babbar Sallah ta faɗo cikin hutun nan. Babanku da ɗaliban suka haɗu suka sayo rago daga zangon da ke bayan makaranta, aka ɗaure shi bayan madafarmu. Ragon nan bai yi zaman banza ba. Ya cinye furannin Anti Esi tas, sannan wata rana ya samu takardun binciken wani ɗan Gushegu da ya shanya a taga don ruwa ya jiƙa su, ya cinye rabi. Daga nan aka sa masa suna Dokta, wai ya fi kowa a wurin cin ilimi. Ana jajibiri masu yankan ciyawa suka share mana gefe guda na filin ƙwallo, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba, babu wanda ya sa su. Aka yi Idi a wurin ana yayyafi, tsohon mai gadin babbar ƙofa ya ja salla. Ba mu cika sahu uku ba, amma na ga manyan samari suna share ido da hannun riga, kowa ya tuna gida. Yaran Anti Esi sun ari huluna sun tsaya a baya suna jiran a kai ga batun nama.

Ranar nan an hana ni taɓa komai. Aka ajiye mini kujera a ƙofar madafa ina ba da umarni kamar magajiya. Kwanuka suka yi ta fita zuwa gidajen malamai, kowane da nama da shinkafa, kuma babu wanda ya dawo wofi: wani da dokunu, tuwon ƙullun masarar da ake dafawa cikin ganye, da kifi, wani da ƙwai, wani da lemo. Da la'asar masu gadi suka buga ƙwallo da ɗalibai suka lallasa su, tsofaffi da su. Na yi dariya ranar har bayana ya riƙe, na ɗauka dariyar ce. Kafin naman Sallah ya ƙare mijin Anti Esi ya kwashe ni a tsohuwar motarsa zuwa asibitin makaranta, kuma da hantsi kika iso.

Babu tsohuwa ko ɗaya tamu a kusa, sai jama'ar hutun nan suka raba aikin tsofaffi a tsakaninsu. Anti Esi ta ɗauki wankanki, safe da yamma, tana gasa miki cibiya tana miki waƙoƙin cocinsu. Lariba ta ɗauki wankan jegona. Ina kwance ina gaya mata abin da na tuna daga gida, tana tafasa ruwa da ganyen darbejiya, samarin na kawo itace su ajiye a ƙofa su juya. Kunun kanwarta na farko kuwa, mai karatun magani ce amma ta zuba kanwa kamar za ta jeme fata. Na sha, don ba a raina hannun da ya ba ka. Ranar suna suka kwaso bencina daga ajin lakca suka jera ƙarƙashin itatuwa, aka kira wanzami daga zango, tsohon mai gadi ya yi addu'a ya raɗa miki Hajara. Ba makaɗi, sai suka kife bokitai suka ƙirƙiro waƙa nan take: Hajara 'yar hutu, jirgi ya ƙi, ke kin zo. Har masu shara sai da suka taka.

Ni kuwa duk wannan ina ƙuryar ɗaki, ina yin abin da aka koya mini. In za ki sha nono sai in juya fuskata bango. In baƙi suka shigo sai in ajiye ki in matsa gefe. In aka ce yaya jaririya, in ce a tambayi masu ita. A ganina ina nuna tarbiyya ne, ina ma alfahari cewa ko a tsakiyar jami'a ban zubar da mutuncin gidanmu ba. Ban san Anti Esi na kallon duk wannan da wani ido daban ba. Da yammacin ranar suna sai ta leƙo tana haki, ta ce hayaniya ta hana ta jin sunan, in gaya mata. Na sunkuyar da kai na ce ni ma ban ji ba. Ta tsaya ta dube ni, ta fita. Ashe wurin babanku ta nufa, ta tambaye shi ko yana murna da 'yarsa. Shi ma ɗin kunyar ce ke ɗawainiya da shi, sai ya yi 'yar dariya ya ce ai shi ba ruwansa da ita.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci sai ga sallama. Anti Esi ce da mijinta, cikin kayansu na fita, tana ɗauke da kwano cike da sabulu da hoda da 'yan riguna, shi kuma yana riƙe da kaza. Suka zauna a kujera zama irin na masu neman aure. Lariba na gefe tana ninke wanki, kina kwance kusa da ita a kan tabarma, ni ina can ƙarshen ɗaki kamar yadda na saba. Mijin ya fara wani dogon Turanci da babanku, sai ta katse shi ta juyo gare ni.

"Barikisu, ni ba ya iya ɓoye magana. Tun asibiti ina duba kai. Kai ba ka duba yarinya, suna ma ba ka sani ba. Na tambaya Malam, ya ce ba ruwanshi. To, in don mace ne ba ku so, ni ina so. Allah ya ba ni maza uku, bai ba ni mace ba. Ku ba ni shi. Zai tashi nan kusa, in zuciyanka ya sauka wata rana, ga shi nan."

Idonta ya cika da hawaye tana faɗa. Har yau ban san lokacin da na tsallake ɗakin ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe a tabarma, na rungume ki a ƙirji har kika farka kina tsala kuka, kuma na ji muryata, da ƙarfi, a gaban maza biyu:

"Tawa ce. Ba na ba kowa."

Babanku ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki kamar yau ya fara ganinsa. Lariba ta faɗi kan wankin tana dariya har da riƙe ciki, da ƙyar ta samu numfashin yi wa Anti Esi bayani, rabi da Hausa rabi da Turanci, cewa kunya ce, haka ake yi wa ɗan fari a wurinmu, kuma wanda aka fi so shi aka fi kau da kai daga gare shi. Anti Esi ta saurara har ƙarshe, ta share fuska da bakin zane, ta ce ita dai ba ta gane ba. In ana ɓoye wa maƙwabta ta ji, amma shi yaron wa zai gaya masa? Nan dariyar Lariba ta tsaya. Ta ɗauki wata 'yar riga ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"Ba wanda zai gaya mishi," ta ce. "Ni ma na fari ne. Uwana bai taɓa kira sunana ba, in na je hutu sai ya ce, ke kin zo, shi ke nan. Sai na ce to, zaman makaranta ya fi. Ya rasu bara. Bayan an yi addu'a ƙanwanshi ya gaya mini, duk lokacin hutu, in motan Kudu ya shigo Bawku, sai uwana ya fita ƙofa ya ce yana shan iska. Da na sani, Amariya, da ban kwana hutu ɗaya a nan ba."

Anti Esi ta tashi ta jawo kan Lariba ta ɗora a kafaɗarta. Kazar da aka ajiye a ƙofa ta ci gaba da kokawa da igiyarta, daga baya muka yanka ta muka ci gaba ɗaya, don Anti Esi ta ce kayan da suka shigo ba sa komawa. An yi ta ba da labarin nan a kwatas ana dariya, ni ma ina yi. Amma a cikin raina wani abu ya zauna tun ranar. Abin da Anti Esi ta zo roƙo, shi ne Mma za ta karɓa idan lokacin yaye ya yi, kuma ita ba sai ta roƙa ba.

Aka buɗe makaranta, hayaniya ta dawo, jama'ar barandarmu suka watse cikin lakcocinsu. Babanku ya fita tun safe, Lariba sai ƙarshen mako. Ya rage daga ni sai ke a ɗaki. A nan na gano cewa kunya sai da idon mutane, ni kuwa babu mai kallona sai ke. Wata safiya ina shafa miki man kaɗe na faɗi sunanki a hankali, don in ji yadda yake a bakina, sai kika tsaya da wutsil-wutsil kika zuba mini ido. Shi ke nan, bakin ya buɗe. Na riƙa yi miki hira ina tuƙi, ina yi miki waƙar bokitai ina wanki, ina gaya miki gulmar kwatas kaf. Na so ki, Hajara, so irin wanda har tsoro yake ba ni, kuma ban ɓoye miki ba ko na yini ɗaya.

Da aka gyara jirgi muka je Yendi bayan arba'in, na kama kaina tsaf, babu wanda ya ga komai. Mma ta karɓe ki tun daga zaure, ta shinshina kanki, ba ta sake ajiye ki ba sai don salla. A lokacin Iya ta rasu, mahaifinmu ma haka, ƙannena kuma aure da fatauci sun watsa su, wasu Tamale wasu Bawku. Ita kaɗai ce a ɗakinta. Kafin mu taho ta sayi 'yar tunkiya ta ce taki ce, kuma na ji tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga cewa ɗakinta ya kusa yin ɗumi.

Dogon hutun da kika isa yaye muka sake hawa hanya, ni da ke. Ban yi barcin kirki ba tun daga Yeji. A Salaga kakarki ta wajen uba ta yi ta tsokanata wai na kusa hutawa, ni kuwa ko doyar da ta daka mini ban iya haɗiyewa ba. Washegarin isarmu Yendi mata suka taru a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, gwaggwanni da maƙwabta, kowa ta zo ganin 'yar Kudu. Na zauna nesa da ke yadda ya kamata. Ke kuwa ba ki san wannan doka ba. Kika ratsa tsakanin kwanuka, kika haye cinyata, kika kama kumatuna da hannu biyu kika juyo da fuskata.

"Mama, yi Hajara 'yar hutu."

Na yi kamar ban ji ba. Kika sake faɗa, kina dubana kamar an musanya miki uwa a hanya. Ban iya ba. Na yi miki waƙar ƙasa-ƙasa, da sunanki a ciki, a gaban kowa. Hannuwa suka tsaya a kan gyaɗa. Wata gwaggo ta tafa hannu ta ce to, an kai ta jami'a ta sayar da kunya ta sayo boko. Mma ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ɓararta.

Kwanakin yaye a ɗakinta kika yi su. Kin yi kukanki na farko, sannan kika saba, har kina bin ta zuwa bakin rijiya kina riƙe da gefen zanenta, ba kya cin tuwo sai daga hannunta. Na ga Mma tana dariya da haƙora a waje, abin da ban taɓa gani ba. Wannan ya fi komai yi mini nauyi, don da kin ƙi ta da na samu abin fakewa. Ana gobe zan koma, bayan la'asar, na same ta ita kaɗai a bayan ɗaki tana wanke 'yan rigunanki. Na durƙusa.

"Mma, ina da magana."

"Ina ji."

"Ba zan iya barinta ba."

Ta gama matse rigar da ke hannunta, ta yarfe, ta shanya a igiya, sannan ta dawo ta zauna a kan turmi.

"Wa ya iya?" ta ce. "Kina tsammani ni na iya? Ranar da Iya ta goya ki ta fita da ke, na ɗauki tulu na bi bayanku har bakin rijiya, alhali randunana a cike suke, don kada a ce ke nake bi. Aka ce in yi haƙuri, kowa haka ta yi, wata rana taki za ta kawo miki tata. Tun ranar nake jira."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini a kaina. Ta yi shiru, kuma na san shirun nawa ne, ta bar mini ƙofa in janye. Kalma biyu ce kawai, in ce na bari. Na dubi hannuwanta da sabulu ya ci, na dubi rigunanki a igiya, na fahimci sarai abin da nake shirin yi. Ta ba da tata a kan alkawari, ga ni na zo in ce alkawarin ba zai cika ba, ta yi asara gaba da baya. Na sani, kuma ban janye ba. Na ci gaba da durƙuso ina kuka, bakina a rufe. Da ta ga haka sai ta ja numfashi ta jawo bokitin wanki gabanta.

"To, ba za a ce kin hana ni ba," ta ce. "In aka ji haka, za a zage ki har ki tsufa, ita ma a goranta mata. Ni zan ce na fasa. Ƙafata na ciwo, yarinyar kuma ta cika ƙiriniya, ba zan iya da ita ba. Ke kuma ki rufe bakinki, kada in ji kin gyara."

Haka ta gaya wa gwaggwanninku a daren, haka suka riƙe, haka ya iso kunnenki. Ni kuma na bi umarninta har ya wuce lokacin da ya kamata in bi. Ba ta sake neman jika a wurin kowa ba, duk da ƙannena sun yi mata tayi, ita kaɗai ta zauna a ɗakin nan har Allah ya karɓi abarsa.

Da safe na miƙa hannu zan goya ki, ta ce in ɗauki jaka. Ita ta goya ki, da sabon majanyi, matar da ta ce ƙafarta na ciwo. Tasha ba nisa daga gidanmu, amma ba ta bi gajeriyar hanya ba. Ta zagaya ta kasuwa, ta tsaya wurin masu daddawa, ta tsaya wurin masu goro, ta gaida wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, kina bayanta kina cin ƙuli-ƙuli. Sai da yaron mota ya fara buga ƙofa muka iso. Na shiga na zauna, ta kwance ki ta miƙo ta taga, ta ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji.

"Tafi can, mai ƙiriniya. Na huta."

Mutane suka yi dariya. Ni kaɗai nake ganin hannunta, ya shigo ta taga yana riƙe da ƙafarki. Direba ya ta da mota, ba ta saki ba. Motar ta fara mirginawa, ta bi ta da sauri-sauri, majanyin na jan ƙasa a ɗaya hannun, har sai da muka kai bakin titi, sannan ta buɗe yatsunta.